Daga Zuba Zuwa Gurara: Tarihin da ke Shimfiɗe a kan Hanyar Yini Guda

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta kafu a Babban Birnin Tarayya, wato ta masu shirya yawon buɗe ido na yini guda. Sukan tara baƙi a mota tun da sassafe, galibi ranar Asabar, daga ma'aikatan ofisoshin jakadanci zuwa ɗaliban makarantu da iyalan ma'aikatan gwamnati, a haɗa su da ɗan jagora mai yi musu bayani, a nufi Dutsen Zuma, a ratsa Suleja, a yi azahar a magangarar ruwa ta Gurara, sa'annan a komo gida kafin magariba. Tafiya ce mai daɗi, kuma babu aibu a cikinta. Abin da ya sa na ga ya dace a yi maganarta a wannan mujalla shi ne, hanyar da motocin nan ke bi, tun daga Zuba har bakin kogin Gurara, a kanta tarihin garinmu yake shimfiɗe, amma kason da garin ke samu a bakin mai bayani da wuya ya wuce jimla biyu: nan ce tsohuwar Abuja, an sauya mata suna da aka tashi gina sabuwa. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Kano da Ikko, har ma da waɗanda ke kwana a Kubwa, iyakar abin da suka sani ke nan. To, bari mu bi hanyar nan tare, zango zango, mu ji abin da ya kamata a ce an faɗa musu.

Zango na farko, wanda motar ba ta ma tsayawa a cikinsa, shi ne Zuba. Mutanen yau sun san ta da tashar mota da kasuwar kayan marmari da cunkoson da ke sa direba zufa. Amma a wannan gari na Koro ne Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ɗan Sarki Isiyaku Jatau, ya sauke kayansa bayan da birnin Zariya ya fita daga hannunsa. Zazzau, kamar yadda kowa ya sani, ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita ce ta kudu a cikinsu. Ikonta ya miƙa har ƙasashen Koro da na Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari, kuma sarakunan Koro na wannan yanki sun daɗe suna kai gaisuwa Zariya tun kafin a haifi Makau. Saboda haka da ya fuskanci kudu, wurin talakawansa ya nufa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta domin ƙasar Zazzau, ya taho da jama'arsa tare da Yamusa, suka ci Zariya. Marubuta tarihin garinmu sun ruwaito cewa ranar Salla ce, Makau yana filin Idi a bayan gari tare da fadawansa, aka auka musu, bai sami damar komawa cikin ganuwa ba. Wannan ruwaya ta isa ta tuna wa mai karatu cewa Sarkin da aka kora Musulmi ne mai zuwa Idi, ko da yake wannan shafi ba zauren yanke hukunci ba ne tsakanin ɓangarori biyu da jikokinsu suka daɗe da zama surukan juna. Game da shekara kuwa, akwai lissafi biyu. Littafin tarihin garinmu ya sa abin a 1804, masana da suka auna shi da rubuce-rubucen Sakkwato suka kai shi ƙarshen 1808, kuma a ganina wannan na biyun ya fi tafiya daidai da sauran yaƙe-yaƙen jihadi. Makau ya bi ta Kauru da Kajuru, ana bin sa, har ya iso Zuba. Bai gina gari ba. Sauran rayuwarsa a kan doki ta ƙare, yana kare kansa yana kai hari, har ya rasu a fagen yaƙi a wajen Lapai a 1825.

Daga Zuba kaɗan za a yi a ga Dutsen Zuma ya tare sararin sama a Madalla, a gefen hanyar Kaduna. Nan kam motar takan tsaya, kowa ya fito da wayarsa, mai bayani ya nuna wurin da ya yi kama da fuskar mutum, ya kuma tuna musu cewa hoton dutsen yana bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999. Ba sai na tsawaita ba, domin dutsen ba ya bukatar mai yi masa kirari. Abu guda kawai zan ƙara: a Jihar Neja yake, a ƙasar masarautarmu, duk da cewa kalandu da tallace-tallace sun mai da shi tambarin Babban Birnin Tarayya.

Sai Suleja. A nan ne ya kamata a kashe injin mota a zauna.

Bayan rasuwar Makau, aka naɗa ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ne ya ga cewa sarauta ba ta zama a sansani har abada. A 1828 ya kafa gari a bakin kogin Iku, a gindin duwatsun Abuci, shekara guda bayan haka aka fara ginin ganuwa, garin kuma ya ɗauki sunan mai shi: Abuja. Duk wanda ya dubi wurin da idon mayaƙi zai gane hikimar zaɓen. Duwatsu sun kare shi, ruwa bai yanke masa ba, ga kurmi da kwazazzabai da ke karya ƙarfin dawaki, alhali da dawaki ne rundunonin arewa ke cin gari. Abu Ja ya yi mulki har 1851, ɗan'uwansa Abu Kwaka, mai laƙabin Dogon Sarki, ya gaje shi har 1877. Daga waɗannan 'yan'uwa biyu ne gidajen sarautar garin suka samo asali.

Abin lura a nan shi ne sunan sarautar. Abu Ja bai yarda cewa ya bar gadon kakanninsa ba. Sarkin Zazzau aka naɗa shi, Sarkin Zazzau magadansa suka ci gaba da amsawa, kuma har yau Sarkin Zazzau Suleja ake cewa. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora sun kafa Maraɗi suna amsa Sarkin Katsina, na Gobir suka kafa Tsibiri suna amsa Sarkin Gobir, dukkansu a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, Kabawa kuma suka tsaya a Argungu da sarautar Sarkin Kabi. Bambancinmu da su shi ne, su sun zauna kusa da tsohuwar ƙasarsu, cikin Hausawa 'yan'uwansu. Mutanen Abu Ja kuwa sun yi nisan fiye da kilomita 200 daga Zariya, sun zama tsibirin Hausa a tsakiyar Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa. Wannan kaɗaici ne ya sa suka riƙe abin da suka fito da shi da hannu biyu.

Me suka fito da shi? Tsarin mulkin Hausa irin na kafin jihadi, da sarautunsa da ladubbansa. A Zariya sababbin masu mulki sun riƙe sunayen sarautu da yawa amma sun sauya ma'anarsu, mulki ya koma yawo tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. A Abuja kuwa Madawaki ya ci gaba da zama shugaban mayaƙa, Galadima mai riƙon gari in Sarki ya fita, ga Wambai da Dallatu, ga sarautun mata na Sarauniya da Iya waɗanda ke da jama'a da faɗa a ji, ga malaman fada irin su Limamin Juma'a da Salanke da Magajin Malam. An tsara abin ne yadda babu wani mai sarauta, har shi Sarkin kansa, da zai yi gaban kansa ba tare da wani ya iya taka masa burki ba. Shi ya sa da masanin nan M. G. Smith ya tashi rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, wanda aka buga a 1960, da ya so ya san yadda ake mulkin Zariya kafin zuwan Malam Musa, sai ya dogara da abin da aka adana a Abuja. Abin da ya jingina da shi kuwa aikin 'ya'yan garin ne guda biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihi da al'adun garin da Hausa, Frank Heath ya juya shi zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1952. Ina tambayar mai karatu, tsakaninsa da Allah: a gidaje nawa na 'yan asalin garin nan da ke zaune a birane ake da kwafin wannan littafi? Ɗaliban tarihi a jami'o'in Ingila da Amurka sun karanta shi, jikokin waɗanda aka rubuta labarinsu kuwa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

A cikin waɗannan littattafai za a ga ana kiran mutanenmu Haɓe. Kalmar Fulatanci ce, wadda Fulani ke kiran waɗanda ba Fulani ba da ita, Turawa suka ɗauka suka yayata. Kakanninmu dai Zagezagi suka san kansu.

Kada kuma daɗin labari ya sa mu ɓoye ɗacinsa. Gari mai ganuwa da dawaki a ƙarni na 19 ba da noma kaɗai yake ci ba. Sarki na uku a Abuja, Ibrahim Iyalai, wanda ya hau a 1877, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma ba a ba mutum irin wannan suna don ya raba goro. An kai hare-hare ƙauyukan Gbagyi da na sauran maƙwabta, an kama bayi, an karɓi haraji da ƙarfi. Jikokin waɗanda aka yi wa haka su ne abokan zamanmu a kasuwa da makaranta, da yawa kuma jininsu na gudana a jikinmu ta wajen iyaye mata. Mai bayanin da zai ba da tarihin garin nan da gaskiya dole ya faɗi wannan, kamar yadda zai faɗi cewa a zamanin wannan Sarki ne Sarkin Zazzau Yero ya taso daga Zariya da runduna, ya koma bai ci garin ba. Abin alfaharin da ba a jayayya a kansa shi ne, tun daga kafuwarta har zuwan Turawa, babu wata tutar jihadi da aka kafa a cikin ganuwar Abuja. Ko a lokacin ma gaba ba ta hana ciniki ba, domin tun zamanin Abu Kwaka aka buɗe hanya ga fatake daga Bida da Zariya.

Hanyar fataken nan ce ta jawo ƙarshen 'yancin garin. A 1902 Turawan Ingila, waɗanda suka riga suka kafu a Lakwaja, suka zargi mutanen Abuja da tare ayarin da ke bi tsakanin Lakwaja da Zariya, suka turo soja. Bindiga mai ruwa ba ta san ganuwa ba. Garin ya faɗi, Sarki Ibrahim ya rasa ransa a wannan rikici, aka naɗa Muhammadu Gani. Bayansa Musa Angulu ya hau a 1917 ya yi har 1944, kuma a zamaninsa aka fara haƙar kuza a ƙasar. Garin da ya yi shekara saba'in da 'yan kai yana tsare kansa ya koma hedikwatar 'yar ƙaramar En'e, wadda daga baya aka sa ta cikin Lardin Neja.

Mai ziyara a yau zai ga fada, zai ga babban masallaci, amma ganuwar da aka fara a 1829 gine-gine sun cinye mafi yawanta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja fiye da mutum 200,000, kuma kowa ya san yadda garin ya ƙara tumbatsa tun daga lokacin, da ma'aikatan da ke kwana a nan su yi sammakon zuwa aiki Abuja saboda tsadar haya a can. In jagoran ɗan gari ne, zai iya karkata da baƙinsa zuwa Mayanka, 'yar magangarar ruwan da ke kusa da gari, wadda sunanta ya riga ya ba da labarinta: a nan, in ji dattawa, ake zartar da hukuncin kisa a zamanin da. Yawancin motocin yawon buɗe ido ba su san da ita ba.

Akwai wuri guda da nake ganin bai kamata a wuce shi ba ko da lokaci ya ƙure, wato cibiyar koyar da ginin tukwane. Labarinta ya fara ne daga fada. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin sarauta, a lokacin da sarki mai ilmin boko abin nuni ne a Arewa. Mutum ne mai son aikin hannu, ya tara tukwanen matan Gbagyi a gidansa. A 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya zagaya Arewa yana neman inda zai kafa makaranta. A gidan Sarki ya ga waɗansu randuna da suka tsayar da shi, aka ce masa aikin wata mata ce daga Kwali, ana kiranta Ladi. Samun yumɓu mai kyau da itacen gashi da ruwa, haɗe da goyon bayan Sarki, suka sa ya zaɓi Abuja, aka fara aikin cibiyar a 1951. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ba ta yar da abin da ta koya tun tana yarinya ba, wato gina randa da hannu ba tare da na'urar juyi ba, da zana mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. Abin da cibiyar ta ƙara mata shi ne sabon haɗin yumɓu da shafe mai ƙyalli da gashi a wuta mai tsananin zafi, sai randar ɗebo ruwa ta zama abin da ake baje kolinsa a Landan. Ta je Ingila da Jamus da Amurka tana nuna gwanintarta a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Cardew ya bar aikin tun 1965, kuma bayan rasuwar Ladi cibiyar da aka sa wa sunanta ta yi ta ja da baya.

Duk mai takardar naira 20 a aljihu ya fito da ita ya duba. A bayanta, tun daga 2007, Ladi Kwali ce zaune tana gini. A gabanta kuwa Janar Murtala Muhammed ne. Ban san wata takarda da ta tattara tarihin garinmu na ƙarni na 20 a fuska biyu kamar wannan ba, domin mutumin da ke gaban takardar shi ne wanda hukuncinsa ya raba garin da sunansa.

A watan Agusta na 1975 gwamnatin Murtala ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Ikko za ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, wurin da ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 aka sanar da ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya, aka kafa shi da Doka ta 6 ta wannan shekara, a rana guda da aka ƙirƙiro Jihar Neja. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala. An yanko yankin ne daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, kuma kaso mafi girma daga ƙasar masarautar Abuja ya fito. Zuba, inda Makau ya sauka, ta faɗa cikin sabon yankin. Kwali, garin su Ladi, ita ma haka. Shi kuwa garin Abu Ja an bar shi a waje, a bakin iyaka, sa'annan aka ɗauki sunansa aka ba birnin da ba a ko aza harsashinsa ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya rasu a 1979, aka liƙa masa "ja" ɗin Abu Ja domin kada asali ya ɓace gaba ɗaya.

Ana yawan cewa mun ba da sunan ne da hannu biyu, don kishin ƙasa. Ban musa ba, kuma abin yabo ne. Sai dai a zamanin soja, dokar da ta fito daga barikin Dodan ba ta jiran amincewar kowa, kuma waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta su ne manoman Gbagyi da sauran 'yan asalin ƙauyukan da aka tasa ko aka kewaye da gine-gine, waɗanda maganar diyyarsu da matsuguninsu ta ɗauki shekaru ana ja. Garinmu kuma shi ya goyi sabon birnin yana jariri. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a Suleja suka zauna, a unguwar da har yau ake kira Field Base, daga nan suke fita daji da safe su auna filayen da suka zama Garki da Wuse da Maitama. Ranar 12 ga Disamba, 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a sabuwar Abuja. Yau in ka ce wa yaro Abuja sunan mutum ne, ɗan Sarki mai jan fata da ya gina ganuwa a bakin Iku, sai ya ɗauka wasa kake yi.

Da wannan a zuci ya kamata a koma mota a kama hanyar Minna. Daga mararrabar Dikko ake karkata yamma. A Lambata hanyar Lapai da Bida ta rabu, kuma ya dace mai bayani ya ɗaga hannu ya nuna ta, ya ce can ne tafiyar Makau ta ƙare. A kusa da ƙauyen Bonu ake sauka daga babban titi a bi 'yar hanya zuwa bakin ruwa. Wurin yana cikin ƙaramar hukumar Gurara, ɗaya daga cikin ukun da suka rage wa masarautar, tare da Suleja da Tafa.

Tun kafin a ga ruwan ake jin rurinsa. Kogin Gurara, wanda ya taso daga tuddan kudancin Jihar Kaduna yana neman Kwara, a nan yake cin karo da wani gagarumin dandamalin dutse, ya zubo daga tsayin kimanin mita 30, faɗinsa kuwa in damina ta kankama yakan kai wajen mita 200. Wanda ya zo a watan Agusta ko Satumba zai tarar da ruwa ja wur saboda laka, yana faɗowa gaba ɗaya kamar an kwance shi daga ɗauri, feshinsa na jiƙa mutum daga nesa, magana ma sai an ɗaga murya. Wanda ya zo tsakanin Janairu da Maris kuwa wani wuri dabam zai gani: ruwan ya rarrabu ya zama 'yan igiyoyi farare, baƙaƙen duwatsu sun fito fili, an sami tafkuna masu sanyi da rairayi a ƙasa inda iyali za su shimfiɗa tabarma. Kowane lokaci da kyansa, amma iyaye su ji wannan da kyau: dutsen da ruwa ya daɗe yana lasa santsi gare shi, kuma kogin nan ya sha cin masu ganin sun iya iyo, musamman da damina.

A bakin ruwan ne mai bayani yakan saki baki. Zai ce wani maharbi Bagwari mai suna Buba ne ya gano wurin a 1745, Turawa suka zo a 1925, sunan kuma daga waɗansu abubuwan bauta biyu ne, Gura da Rara. Baƙi sukan rubuta wannan a littafin aljihu da murna. Ni dai ina ɗaukarsa a matsayin hira mai daɗi. Al'ummar da ba ta lissafi da shekarun Miladiyya ba za ta riƙe 1745 daidai wa daida ba, kuma ruwan da ake jin ƙararsa daga nesa, a ƙasar da mutane ke noma da farauta tun fil azal, ba ya jiran wani mutum guda ya gano shi. Abin da ke cikin labarin na gaskiya shi ne, Gbagyin wannan yanki sun girmama wurin tun kafin Zagezagi su iso, kuma su ne masu shi na farko. Abin takaici shi ne a ce tatsuniyar Buba ta sami minti goma, Makau da Abu Ja da Sulaimanu Barau su raba minti guda. Laifin kuwa ba na mai bayani ba ne shi kaɗai, domin abin da ya tarar a rubuce a intanet shi yake maimaitawa. Muna da matasa masu digiri a tarihi da harsuna suna zaune a gida, muna da dattawan fada da suka san kowace ƙofa da sunanta. Haɗa waɗannan biyu, a fitar da 'yan jagora na gari waɗanda masu shirya tafiye-tafiyen za su riƙa ɗauka daga Suleja, bai fi ƙarfin 'yan asalin garin da ke birane ba. Gwamnatoci sun sha alkawarin mai da Gurara babbar matattarar baƙi, da masauki da wuraren shaƙatawa, kuma wanda ya je ya gani da idonsa zai auna abin da aka cika.

Saura abu guda da ba a gani daga bakin magangarar. Can sama da ita, a cikin Jihar Kaduna, an datse kogin Gurara da babbar madatsa, aka shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 wanda ke kwasar ruwa ya kai madatsar Usuma da ke kusa da Bwari, inda ake tace ruwan sha na Babban Birnin Tarayya. An yi haka ne saboda Usuma ita kaɗai ta kasa ɗaukar yawan jama'ar da birnin ya tara. Wato wani kaso na ruwan da da zai zubo ta kan duwatsun nan ya wuce zuwa Kwara, yanzu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi ya fito a famfunan Wuse da Garki da Asokoro, unguwannin da motar za ta mai da baƙinta in ta juyo ta Dikko da Madalla da Zuba da yamma.